Hukuncin wasan Megami Tensei da ire-irensa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga wani tsohon wasan Japan a waya mai suna Megami Tensei, wanda ake ratsa lungunan ƙarƙashin ƙasa ana yaƙar dodanni, kuma mai wasan yana kiran aljanu su taya shi faɗa. Shin wannan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin al'adu da abubuwan nishaɗi halacci ne har sai dalili ya hana, don haka ba a haramta wasa saboda daga Japan ya fito, ana duba abin da ke cikinsa ne da abin da yake jawo wa mai yinsa. An samu hani ingantacce a kan wasan nardu (wasan allo da ake jefa ƴan duwatsu masu ɗigon lamba) a hadisin Buraida da Muslim ya ruwaito, Imamu Malik kuma ya ƙi shaɗaranji (wasan chess), ya ce babu alheri a cikinsa, yayin da Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci. Abin da malamai suka fi jin tsoro shi ne caca da shagala daga salla, kuma irin wannan wasa, da mutum zai share awoyi yana laluben hanya hawa bayan hawa, yana da saurin cinye lokaci.

Danna maɓalli a ga wuta ta tashi a allo ba sihiri ba ne a shari'a, domin babu tsafi, babu yanka, babu neman taimakon shaiɗan a zahiri. Wanda ya buga irin Shining in the Darkness, wani wasan ratsa lunguna mai sihirin allo na kamfanin Sega a 1991, ba za a ce ya yi sihiri ba, iyaka a ce barinsa ya fi idan yana shagaltar da shi.

Amma wasan da ka ambata lamarinsa daban ne. Kamfanin Atlus ne ya ƙirƙiro shi a 1987 don na'urar wasan bidiyo ta Famicom, kuma ginshiƙinsa shi ne jarumin ya kira shaiɗanu ta kwamfuta, ya lallashe su da kyauta, ya haɗa biyu su zama ɗaya mafi ƙarfi, alhali Allah ya zargi masu neman tsari da aljanu a Suratul Jinn, aya ta 6. Abin ya ƙara muni a waɗanda suka biyo baya: a Shin Megami Tensei na 1992 ana iya yaƙar wani da aka kira Mala'ika Mika'ilu, a na biyunsa na 1994 kuwa an zana wata sura an laƙaba mata sunan Ubangiji na Ibrananci, ita ce abokin gaba na ƙarshe da ake so mai wasa ya kayar da hannunsa. Aya ta 98 a Suratul Baƙara ta ambaci Jibrilu da Mika'ilu da sunansu cikin waɗanda gaba da su kafirci ne, aya ta 140 a Suratun Nisa'i kuma ta hana ko zama a inda ake izgili da ayoyin Allah. Cewa ai ƙage ne ba uzuri ba ne a nan, domin masu izgilin da Suratut Tauba ta yi magana a kansu su ma cewa suka yi wasa suke yi.

Saboda haka waɗannan biyun, na 1992 da na 1994, haramun ne, ka goge su idan suna wayarka. Na 1987 ma ina ganin ka bar shi, tunda kiran shaiɗanu ne jigonsa. Ba na cewa ka fita daga Musulunci, domin ka buga ne ba da nufin izgili ba, istigfari ya wadatar maka. Wallahu a'alam.