Katirij na yoyo bayan ɗura tawada: a ci gaba da ɗurawa ko a sake lissafi?

Wani matashi mai shagon buga takardu da fotokwafi, a kan hanyar Dutsin-Ma kusa da Kwalejin Hassan Usman Katsina, ya aiko da tambaya. Firintarsa HP DeskJet 2130 ce, mai amfani da katirij (kwanson tawadar da ake sakawa cikin firinta) lamba 123. Sabon katirij ya yi masa tsada, sai ya koma sayen tawadar kwalba yana ɗurawa da sirinji. Yanzu tawada na ɗiga cikin injin, tana ɓata takardun ɗalibai, ruwan ɗorawa kuma ya koma kore. Yana so ya sani: ya karɓi bashi ya koma sayen sabo, ko ya ci gaba da ɗurawa?

Ƙanena, kada ka ci bashi don sayen abin da zai ƙare kafin ka biya. Amma bari mu fara tsayar da yoyon, don shi ke cin kuɗinka yau.

Cikin katirij irin naka soso ne. Shi ke riƙe tawada, ya hana ta gangarowa ta ƙananan hujojin da ke ƙasa sai lokacin da injin ya nema. Ka duba soson wanka: in ya sha ruwa daidai ba ya ɗiga, in ya ƙoshi kuwa ko ba ka matsa ba sai ya zuba. Yawancin yoyon da ake kawo mini kuka a kansa daga nan yake, wato an cika masa ciki fiye da kima. Baƙin katirij 123 na yau da kullum an yi shi ne don shafi kamar 120 kacal, sosonsa ƙarami ne, bai cika kwanson ba. Mai XL a jikinsa ne ke da babban soso. Mutum ya ga kwanso da girma ya zuƙo sirinji cike ya danna, rarar ba ta da wurin zama sai ƙasa.

Saboda haka ka tura allurar a hankali ta hujin da ke saman katirij har ta shiga soson, ka riƙa dannawa kaɗan-kaɗan. Da ka ga tawada ta leƙo bakin hujin, tsaya, ka ja baya da kamar mililita 1. Wannan jan baya shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ke ba soson sararin riƙewa. Daga nan ka ninka tishu, ka ɗora ƙasan katirij a kai ka ɗaga. Na baƙi zai bar layi ɗaya tsaf, mai launi zai bar uku: shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, kowanne daban. In ka ga tabo ya bazu ya haɗe, har yanzu da saura, ka ƙara zuƙewa. Kada ka mayar da shi cikin firinta sai ya zauna a kan tishu na ɗan lokaci ba ya ɗiga.

Koren da kake gani kuwa, shuɗi ne ya shiga gidan ruwan ɗorawa. Katirij mai launi ɗakuna uku ne a kwanso ɗaya, in ɗaya ya cika ya tumbatsa, ɗan'uwansa zai tsotse rarar ta ƙasa. Kowane launi ka ware masa sirinjinsa. Kafin ka ɗura, ka tsoma tsinken sakace mai tsabta a hujin ka ga launin da ya fito, kada ka dogara da abin da ka tuna.

Akwai kuma maganar iska. Ƙarƙashin takardar da aka manna a saman katirij akwai siraran hanyoyi da iska ke bi ta maye gurbin tawadar da ta fita. In ka liƙe saman gaba ɗaya da salatif, tawada za ta daina saukowa, kuma in rana ta take iskar da ke ciki ta kumbura, sai ta turo tawada waje. A Katsina, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a shagon kwano ko kwantena. Ka mayar da takardar asali, ko ka huda salatif ɗin da allura. Lokacin hunturu kuma matsalar takan juya: ƙura da bushewar iska su toshe hujojin. Ruwan allura na kemis a kan tishu ya isa ya jiƙa su. Ka kuma goge ɓangaren jan ƙarfen da ke jikin katirij ya bushe ƙayau, don tawada a kansa ita ke sa injin ya ce bai gane katirij ba.

Kada ka jira ya ƙare ƙarƙaf kafin ka ɗura. Katirij ɗin HP da Canon zafi suke amfani da shi wajen fesa tawada, ita kuma tawadar ke sanyaya su. In ya yi aiki ba komai a ciki, kansa ya ƙone, ba ɗurin da zai tashe shi. Wanda kwansonsa ya tsage, ko yake ɗiga bayan ka yi duk wannan, ka jefar da shi.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. Firintar da ke hannunka ta gida ce, ta mai buga shafi biyu ko uku a mako. Kai kuwa kana bakin makaranta, lokacin rajista da rubutun kammala karatu aiki na zuwa maka da ɗaruruwan shafuka. Kamfanonin firinta sukan sayar da irin wannan inji da araha, su ci ribarsu a katirij. Kwatanta da firinta mai tanki, irin Epson L3210: kwalbar baƙar tawada lamba 103, mililita 65, kamfanin ya ce tana kai shafi 4,500. Raba 4,500 da 120, ka ga kwalba ɗaya ta tsaya a madadin katirij sama da 37. Alƙaluman nan na shafukan gwaji ne masu matsakaicin rubutu, hoton fasfo da katin biki sun fi shan tawada nesa ba kusa ba, amma tazarar tana nan. Canon da HP su ma suna da masu tanki.

In kuma mafi yawan aikinka baƙin rubutu ne, firintar leza mai amfani da tona, wato tawadar gari, ta fi dacewa: ba yoyo, ba bushewa, rubutun ba ya narkewa in gumi ya taɓa shi. Sai dai tana jan wuta sosai, ka fara tabbatar janaretanka ko solarka za su iya ɗaukarta.

Abin da nake so ka yi daga gobe: ka sayi ƙaramin littafi. Kullum ka rubuta shafi nawa ka buga, nawa baƙi, nawa mai launi, nawa suka lalace, da abin da ka kashe a tawada, takarda da mai. Takardar da ta ɓaci asara biyu ce, ita da tawadar da ke kanta, ban da kwastoman da ya tafi shagon maƙwabcinka bai dawo ba. Bayan wata guda littafin zai nuna maka ko tanki kake buƙata ko leza, da ainihin abin da shafi ɗaya ke ci maka. Na ga masu shaguna da yawa suna sa farashi don kawai haka na kusa da su ke karɓa, ba su taɓa sanin ko da riba a ciki ba.

Kuɗin sabon injin kuma ya fito daga aikin da kansa. Ka ware wani abu daga kowane shafi ka zuba a asusu, ko ka shiga adashi da 'yan layinku ka nemi kwasarka ta faɗo kafin buɗe zango. In dole sai bashi, to a kan injin ya kamata a ci shi, don shi zai zauna ya biya kansa.

Kafin lokacin, duk sanda ka ɗura, ka fara buga shafi biyu a tsohuwar takarda. Takardar mutum mai tambarin ofis, ko fom ɗin da ba shi da na biyu, kada ya shiga injin sai ka ga gwajin ya fito fes. Wanda kuma tawada ta ɓata wa aiki, ka sake buga masa kyauta nan take, tun bai buɗe baki ba.