Amsa: Sandar balans ta karye, babu sabuwa a kasuwa

Malam, ka ce tsinin sandar balans na tsohon agogon aljihunka ya karye, kuma ba a samun irinta. Balans shi ne ɗan zagayayyen ƙarfen da ke kai-komo yana daidaita lokaci, sandar kuwa ita ce ginshiƙin da yake juyawa a kai. Ana ƙera ta da hannu, amma sai da ƙaramin injin juya ƙarfe na masu gyaran agogo.

Kada ka buge tsohuwar sandar da ƙarfi don cire ta, ramin balans zai buɗe, sabuwa ta riƙa lilo. Ɗora ta a injin ka sassaƙe bakin da ya riƙe ta. Ka ajiye ta, ita ce ma'auninka.

Nemi ƙarfen da aka ƙona aka tsoma, sannan aka dumama shi har ya yi shuɗi, wajen digiri 300 na ma'aunin Celsius. Wanda ya fi haka tauri tsinkewa yake, mai laushi kuwa lanƙwashewa. Ka gama mazaunin balans, na siririn sifirin da tsini ɗaya ba tare da ka cire ƙarfen daga bakin injin ba. Da ka cire ka mayar, tsakiya ta kauce.

Tsinin ne wurin wahala. Kaurinsa yakan kai milimita 0.10 zuwa 0.12, wato kusan gashin kai. Bar shi da ɗan kauri, ka ƙarasa da gogewa har ya yi sheƙi, kana gwada shi a ramin dutsensa, wato ɗan dutsen da tsinin ke juyawa a ciki. Ratar milimita 0.01 ta isa. In ya matse agogo ya tsaya, in ya yi sako-sako lokaci ya bambanta tsakanin kwance da tsaye.

Bayan haɗawa, duba nauyin balans ko ya rinjaya gefe guda.