Gwajin maikro-RNA ba zai raba Baba da kyamarar hanji ba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ga yadda na fahimci tambayarki. Baba yana da shekara 61, wata biyar ke nan yana ganin jini a bayan gida, ya rame, an sha maganin basir har an gaji. Likita ya ce a haska hanjin da kyamara, wato kolonoskofi, Baba ya ce da girmansa ba mai zura masa wani abu ta dubura. Ke kuma kin ci karo da bidiyon da ke cewa akwai gwajin jini na maikro-RNA mai gano sankarar hanji, shi ne kike tambaya ko a nemo shi Baba ya huta.

Kada ku jira wannan gwajin. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, amma shekara biyu na yi ina auna waɗannan 'yan abubuwan a jinin masu ciwon hanji lokacin da nake digiri na biyu, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Mai bidiyon bai ƙirƙiri abin ba, akwai shi. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, kundin da aka rubuta yadda ake haɗa kowane furotin. Kundin ba ya barin ɗakinsa, sai dai a kwafi shafin da ake so a ba ɗan aike, wani RNA mai tsawo, ya kai inda ake ƙira. Shi maikro-RNA ɗan guntu ne, haruffansa kusan 22 kacal, kuma ba ya ɗauke da saƙon kansa. Aikinsa ya tare ɗan aiken a hanya ya manne masa, sai a kasa karanta wasiƙar ko a yaga ta. Bai cika kashe wutar ɗungurungum ba, kamar mai tuwo ce ta janye itace biyu daga murhu kada ya kama. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano na farko a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, aka ɗauka abin tsutsa ne kawai. Sai a 2000 aka ga wani mai suna let-7 har a jikin ɗan Adam. Yanzu an san muna da sama da dubu, kuma a 2024 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel a kan wannan.

A sankarar babban hanji da dubura, lissafin janye itacen ne ke rikicewa. Tun 2003 masu bincike a Ostireliya suka lura wasu maikro-RNA biyu, miR-143 da miR-145, sun ragu a naman da ya kamu, har ma a ɗan tsiron da bai riga ya zama sankara ba. Cikin waɗanda miR-143 ke dannewa akwai KRAS, mai ba ƙwaya umarnin ta hayayyafa, to in mai dannewar ya yi ƙaranci kin san sauran. Wasu kuma yawa suke yi. miR-135 na rage APC, wanda shi ne birkin farko da ke tsinkewa a yawancin sankarar hanji. miR-21 na danne PDCD4 da PTEN, su ma birki ne, kuma wani bincike na 2008 a kan marasa lafiya a Amurka da Hong Kong ya nuna waɗanda miR-21 ya yi yawa a ƙarinsu ba su daɗe kamar sauran ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne dangin miR-200. Su ke taimaka wa ƙwayoyin bangon hanji su zauna manne da juna. In suka ragu a bakin ƙarin, sai ƙwaya ta saki 'yar'uwarta ta bi jini, galibi hanta take sauka.

Dalilin da ya sa aka ɗora rai a kansu shi ne ba sa saurin lalacewa a jini ko a bayan gida, don suna yawo ne a ƙunshe cikin 'yan ƙananan jakunkuna ko a rungume da furotin. A 2009 wasu a Hong Kong suka ruwaito miR-92a ya fi yawa a jinin masu wannan ciwo. Shi na bi ni ma.

Watannin farko murna ta ishe ni, alƙaluma sun yi kyau, marasa lafiya a sama, masu lafiya a ƙasa. Wata rana malamina ya ce in fito da kwalaben daga firji in jera su a kan farar takarda. Ruwan jini in an tace shi kalar ɗorawa yake yi, mai haske. Nawa da yawa sun yi ja-ja kamar an ɗiga musu zoɓo. Jajayen ƙwayoyin jini ne suka fashe, kuma su cike suke da miR-92a da miR-451 da miR-16. Marasa lafiyar jijiyarsu ta yi wuyar samu, an yi ta soka da siririyar allura ana ja da ƙarfi, jinin kuma ya daɗe a zafi kafin ya iso wurinmu. Masu lafiyar kuwa abokan aikina ne, a ɗakin aka ɗiba aka tace nan take. Ashe rabin abin da nake aunawa ba sankara ba ce, hannun mai ɗibar jini ne da zafin rana. Na zubar da aikin wata shida.

Ko da an ɗibi jinin da kyau, akwai wata matsalar. miR-21 yana hawa a sankarar mama, ta huhu, har da kumburin hanjin da ba sankara ba. Zai ce miki akwai hayaƙi, ba zai nuna ɗakin da ke ci ba. Shi ya sa har yau gwajin maikro-RNA bai shiga cikin abin da manyan ƙa'idojin likitoci ke umarni da shi don gano wannan ciwo ba. Gwaje-gwaje biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, Cologuard na bayan gida a 2014 da Shield na jini a 2024, DNA suke nema. Kuma an yi su ne don mai lafiya garau wanda shekarunsa suka kai 45, ba don wanda ya riga ya fara zubar da jini ba. In ma suka nuna wani abu, kyamarar dai za a koma. Ta fuskar magani ma an gwada, an ba masu sankara wani kwaikwayon miR-34 mai suna MRX34, aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jiki ta yi mummunan tashi har mutum huɗu suka rasu.

Abin da ya sa na zauna na yi dogon rubutun nan kawuna ne. Shekara guda cur yana shan jiƙe-jiƙen basir, kowa ya zo da nasa. Ina tuna robobin a jere ƙarƙashin gadonsa, da yadda ya riƙa ƙara wa tazugen wandonsa ƙulli. Ranar da ya yarda aka haska, abin ya riga ya kai hanta. Ina cikin ɗakin gwaji ina lissafin miR-92a, kawuna yana gida bai samu ko ɗan yatsan likita ba. A ƙididdigar Amurka, kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka gano ciwon bai bar hanji ba suna raye bayan shekara 5. In ya yaɗu nesa, ba su kai 2 cikin 10 ba.

Mai yiwuwa na Baba basir ne da gaske, ko wani kumburi. Amma jini da rama a shekara 61 sai an gani da ido. Kyamarar ce kaɗai ke gani, ta tsinko ɗan nama a kai gwaji, in ta tarar da ƙaramin tsiro ta cire shi a take. In kuma aka tabbatar sankara ce, gwaje-gwajen da ke sauya magani su ne na KRAS da NRAS da BRAF da MSI a jikin naman, sai CEA a jini don bibiya. Ki rubuta sunayen ki ajiye.

Maganar kunya kuma, kada ke ki tunkare shi da ita, nauyinki zai ji. Ki samu amininsa ko ƙaninsa ya yi masa bayani. A gaya masa ana iya neman likita namiji, ana rufe jiki, ana yin allurar da ke sa gyangyaɗi, kuma yawanci bai kai awa ɗaya ba. Wahalar tana daren jajibere, lokacin da zai sha maganin wanke hanji ya yi ta zarya bayan gida, don haka a tanadi ruwa da yawa da wanda zai kwana kusa da shi. In yana shan maganin siga ko na tsinka jini, a faɗa wa likita tun ranar da za a sa rana.