Yaya, ba a ƙwace mana 'ya'ya ba

Yaya, na ga abin da ka rubuta a zauren iyali, wai mu mazauna Amurka gwamnati ce ke riƙe mana 'ya'ya, uba ba shi da ta cewa. Sai da na bari kwana biyu suka wuce don kada in amsa da zafi.

A nan kowace jiha da dokarta, kamar yadda ta Kaduna ba ta Kano ba ce. A Texas ba a saka ɗanka ajin ilimin jima'i sai ka sa hannu a takarda. Ta zo mini a jakar 'yata Ummi, na karanta, na ƙi. Ba wanda ya ɗaga mini gira. Har bulala doka ba ta hana ba, in hukumar makarantun yankin ta yarda, uba kuma bai rubuta cewa bai amince ba. A 2025 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar ba iyaye wajen dala dubu goma kan kowane yaro, su kai shi makarantar kuɗi. A 2025 ɗin dai suka ce a liƙa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a kowane aji, abin har ya kai kotu. Wannan kam bai yi mana daɗi ba.

Tsaro kuwa, kar mu yi wa juna gori. Bayan an kashe yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde na Texas a 2022, aka wajabta ajiye mai bindiga a kowace makaranta. Ranar da ɗana Abba ya dawo yana nuna mini yadda aka koya musu laɓewa bayan ƙofa, a kashe fitila, a yi tsit, ban iya cin tuwo ba. Ku ma na san yadda zukatanku suka yi lokacin da aka sace 'yan makaranta a Kuriga.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne da ka ce Ummi ta bar gida don ta auri baƙin Amurka. Musulmi ne, Yaya. Ya tsuguna ya gaida ni, ya biya sadaki, yana cin miyar kuka har da neman ƙari. Mahaifiyarmu ma ai daga Bida Baba ya auro ta, Tudun Wada ba ta tsage ba.

Inda ka kama ni ɗaya ne, Hausar Abba. Jiya da isha ya shigo ya ce mini "ina kwana". In an yi hutu zan turo maka shi wata biyu, ka haɗa shi da yaran layinku. Sai dai don Allah kar a yi masa dariya a gabansa.