Na kafa na'urar ɗaga mota a garejin gidan haya, mai gida ya ce in tashi

Tambaya: Barista, shekara huɗu ke nan ina haya a Kano, shekara-shekara nake biya. Ma'aikaci ne ni, amma ina da wata tsohuwar Marsandi da nake lallaɓawa da hannuna Asabar da Lahadi. Na sayi na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, aka huda daɓen gareji aka ɗaure ta, aka ɓare wani sashe na silin don mota ta samu hawa. Da mai gida ya gani sai ya ba ni kwana bakwai in tashi, ya ce na'urar ma ta zama tasa tunda a gininsa aka kafa ta. Ni ba sana'a nake yi ba, kuɗin hayata kuma ba su ƙare ba. Ashe ba ni da ikon yin abin da na ga dama a gidan da na biya?

Amsa: Malam, ba ka da shi, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji a gaban alƙali. Kuɗin haya zama suke saya maka, da amfani da gida yadda aka miƙa maka shi. Kafa fanka daban, huda daɓe da ɓare silin daban. Ka koma ka duba yarjejeniyarku, domin galibinsu suna da sharaɗin cewa ba a taɓa gini sai da rubutaccen izinin mai gida. Ko babu takarda ma, doka tana ɗora wa ɗan haya nauyin kada ya yi wa gini ɓarna, ya kuma mayar da shi yadda ya karɓa, in ban da tsufan yau da gobe.

Maganar cewa ba sana'a kake yi ba tana da amfani, amma a wuri ɗaya kawai. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da fili dominsa, sashe na 28 kuma ya ba gwamna damar soke ta in an saɓa sharuɗɗanta. Mayar da gidan zama wurin aiki yana buƙatar izini, a Kano kuwa hukumar KNUPDA ce ke sa ido kan gine-gine. Mutum ɗaya da motarsa ɗaya da wuya a ce ya buɗe garejin kanikanci. Sai dai ranar da aboki ya kawo tasa ya bar maka na goro, maƙwabta suka fara ganin motoci uku a ƙofar gida da baƙin mai a kwata, hujjarka ta fara raurawa. Sunan mai gida ne a takardar, ba naka ba, don haka fargabarsa ba ta banza ba ce.

Abin da ya fi damuna ba ka ma tambaya ba. Irin wannan na'ura duk nauyinta a kan ƙusoshin da aka kafe a ƙasa yake. Masu ƙera ta kan nemi kankare mai ƙwari da kaurinsa bai gaza inci 4 ba, da tsayin ɗaki wajen ƙafa 12. Daɓen gareji a gidajen haya da yawa ɗan siminti ne aka shafa a kan cikon ƙasa, in ka ƙwanƙwasa da sifana sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Mota mai fiye da tan ɗaya tana reto a sama, yaron maƙwabta yana tsugune a ƙasa yana miƙo maka kayan aiki: in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kai za a fara tambaya, don kai ke riƙe da wurin kuma kai ka kafa. Kada ka sake ɗaga mota sai injiniyan gini ya duba ya rubuta.

To shi ma mai gida ya zarce. Mai biyan shekara, a dokar mafi yawan jihohi, notis ɗin wata shida ake ba shi, sai in yarjejeniya ta faɗi wani wa'adi. Na kwana bakwai bayan wancan yake zuwa, daga nan sai kotu. In akwai sharaɗin da ya ba shi damar katse haya saboda saɓa alkawari, yana iya dogaro da shi, amma nan ma alƙali ne zai fitar da kai. Canza kwaɗo, watso kaya waje, ko ɗauko 'yan sanda a kan rikicin haya, Kotun Ƙoli ta sha cewa ɗaukar doka a hannu ne, kuma ana biyan diyya a kansa.

Batun na'urar kuwa, gaskiya ne akwai ƙa'idar cewa abin da aka kafe a ƙasa ya bi ƙasa. Amma rabin ƙa'idar mai gida ya ɗauka. Kotu tana duba yadda aka kafa abu da dalilin kafa shi, kuma abin da ɗan haya ya ɗaure da noti don amfanin kansa, yawanci yana iya kwancewa kafin hayarsa ta ƙare, muddin ya gyara wurin. Na ce yawanci, domin yarjejeniya tana iya cewa akasin haka. In kuwa ka fita ka bar ta, ƙwato ta zai yi wuya.

Ba na ba ka shawarar kai ƙara. Kai ka fara kuskure, kuma kuɗin shari'a zai iya wuce na sabon daɓe. Ka ɗauki hoton garejin, ka tattara rasit ɗin haya da na sayen na'urar. Sannan ka samu dattijon da yake jin nauyinsa, ko mai unguwa, ku je ka ba shi haƙuri kan rashin neman izini. Ka miƙa masa zaɓi biyu a rubuce: ko ya bar na'urar bisa rahoton injiniya, da alkawarin motarka kaɗai za ta hau, da kuɗin ajiya na mayar da daɓe da silin, ko ka kwance ta cikin wa'adin da kuka yanke, ka gyara da kuɗinka, haya ta ci gaba. In ya ƙi sauraro, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, inda yarjejeniyar da aka cimma alƙali kan sa mata hannu ta zama hukunci. Duk takardar da ya aiko maka kafin nan, ka karɓa, ka rubuta ranar a bayanta, amma kada ka sa hannu a komai sai lauya ya karanta.