Tambaya da Amsa: In Dutse Ya Riƙe Mutum, Wa Zai Biya Kuɗin Ceto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Faransa, ya ce shi da abokansa za su hau dutsen Mont Blanc a hutun bana. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ƙi ji. In wani abu ya same su, Allah ya kiyaye, wa zai biya kuɗin jirgin da zai ɗauko su? Ni dai ban ga dalilin kashe kuɗin jama'a kan wanda ya kai kansa don nishaɗi ba.
Hajiya Binta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana shi. Ki fara gaya masa Mont Blanc ba Kufena ba ne. Tsayinsa ya haura mita 4,800, kuma duk shekara yana cin rayuka. Ni da Dala ma ke sa ni haki, ba zan yi masa ƙarya ba.

Dutsen na kan iyakar Faransa da Italiya. A ɓangaren Faransa, ceto a kan dutse kyauta ne, domin aikin gwamnati ne, kuma jandarmomi na musamman da ke Chamonix, wani gari a gindin dutsen, ne ke yin sa. Da dalili aka kai ga haka. A ƙarshen Disambar 1956 wasu samari biyu, Jean Vincendon da François Henry, suka maƙale a saman dutsen. Mutanen gari na hango su da tabarau mai hangen nesa, ana ta ja-in-ja kan wanda zai je da yadda za a je. Jirgi mai saukar ungulu da aka tura ya faɗi kusa da su, aka kwashe matuƙansa, su kuwa sanyi ya kashe su. Abin ya girgiza ƙasar, shi ne a 1958 aka kafa wannan runduna.

Amma ba ke kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A 2022 magajin garin Saint-Gervais da ke gindin dutsen, Jean-Marc Peillex, ya fusata da masu zuwa ba shiri, ya ce kowa ya ajiye Yuro 15,000 kafin ya hau: 10,000 kuɗin ceto, 5,000 kuɗin jana'iza. Maganar ba ta zama doka ba, sai dai ta yi amo.

A nan ne zan saɓa miki kaɗan, Hajiya. Ki ƙaddara yaron ya gurɗe ƙafa da la'asar, waya na hannunsa, amma ya san in ya kira za a miƙo masa takardar bashin da ya fi kuɗin makarantarsa. Zai ce bari in lallaɓa. Dare ya yi, iska ta taso, sannan ya kira, masu ceton ma yanzu sun shiga haɗari. Shi ya sa ba na goyon bayan a ɗora wa kowa kuɗi bayan an cece shi.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne a biya kaɗan tun kafin a hau, kamar adashi. A Siwizalan, inda ceto ba kyauta ba ne, mutane sama da miliyan 3 na ba Rega, ƙungiyar ceto da jiragen sama, gudummawa, baligi yana ba da faran 40 na kuɗin ƙasar a shekara, kuma takan yafe musu kuɗin ceton da inshora bai biya ba. A Kilimanjaro ta Tanzaniya ana karɓar dala 20 kuɗin ceto tun a ƙofa. Shi kuwa mai ganganci, wanda ya hau da takalmin yawo bayan an gargaɗe shi, a bi shi bashi, kamar yadda jihar New Hampshire ta Amurka ke yi.

Tunda ya ƙi jin bari, ki sa masa sharaɗi. Ya sayi inshorar hawan dutse, domin in suka gangara ɓangaren Italiya ko suka tsallaka Siwizalan dokar ta canza, kuma kuɗin asibiti daban ne. Ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Lambar gaggawa kuma 112 ce, ki sa ya karanto miki ita a waya kafin ya tashi.