Layi ɗaya a kan jel ba ya nufin furotin ya tsarkaka

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a nan Bauchi. Na sa bakteriyar E. coli (nau'in BL21) ta samar mini da furotin ɗin alfa-sinukilin na ɗan'adam, na tafasa, na bi da shi ta kolum, wato bututun tace furotin. Amma a jel ɗin da ke rarraba furotin bisa nauyinsu, layin ya tsaya wajen 18 kDa (ma'aunin nauyin furotin) maimakon 14. Hankalina ya tashi, don kuɗin da na haɗa da ƙyar sun ƙare. Wani a ɗakin gwajinmu kuma ya ce tunda layi ɗaya ne kuma an tafasa, in yi wa ɓerayena allura kawai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kuɗinki ba su tafi a banza ba. Alfa-sinukilin amino asid 140 gare shi (su ne tubalan ginin furotin), nauyinsa kusan 14.5 kDa, amma wutsiyarsa cike take da asid, ba ta riƙe SDS (sinadarin da ke lulluɓe furotin ya ba shi cajin da yake tafiya da shi a jel) sosai, shi ya sa yake jan ƙafa a jel ya tsaya sama da inda lissafi ya nuna. Halinsa ke nan. Ki dai duba kodon na 136, wato haruffa uku na DNA da ke zaɓar amino asid na 136: idan TAC ne, bakteriyar kan saka amino asid ɗin sistin a gurbin tairosin a wani kaso na furotin, sai su riƙa mannewa biyu-biyu. Mayar da shi TAT yana magance wannan.

Shawarar da aka ba ki ta allura ce ta tayar mini da hankali, kuma kusan kullum sai na ji irinta. Jel furotin kawai yake nuna miki. Shuɗin Coomassie da ake rina jel da shi ba ya bayyana endotoksin, wato gubar da ake kira LPS da ke jikin bangon E. coli, wadda ta zube cikin ruwanki tun lokacin da kika fasa ƙwayoyin. Tafasawar da ake taƙama da ita furotin ɗin bakteriya take dunƙulewa, naki ya tsira saboda ba shi da naɗin da zafi zai warware. LPS kuwa ko a jikinsa. Otokilef ma, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a digiri 121 ba ya gamawa da shi; kayan gilashi sai an gasa su a busasshen zafi na digiri 250 na aƙalla minti 30. Kolum ɗin ma ba tabbas ba ne, domin furotin ɗinki da LPS duk cajinsu nagatif ne, suna iya kamawa tare su sauko tare.

To ki duba abin da zai biyo baya. LPS yana tunzura maikrogiliya, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, ta hanyar wani furotin da ke jikinsu mai suna TLR4, har masu bincike da gangan suke zuba shi a ƙwaƙwalwar ɓera don su kashe jijiyoyin da ke samar da sinadarin dofamin, su kwaikwayi cutar Parkinson. Za ki ga kumburi, ɓera ya kasa tafiya daidai, ki yi murna ki rubuta cewa alfa-sinukilin ne ya jawo, alhali dattin bakteriya kika auna. An wahalar da dabbobi a banza, an buga sakamakon ƙarya, wani ɗalibi a Gombe ya ɗora nasa aikin a kai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu ba da wannan shawara ba su taɓa riƙe kit ɗin LAL, kayan gwajin da ake auna endotoksin da shi, a hannunsu ba, amma da ƙarfin gwiwa suke magana. Daga irin wannan sakacin ne ake kaiwa ga masu tallar "furotin ɗin ƙwaƙwalwa" a kwalba wai maganin mantuwa. Abin da aka haɗa a ɗakin gwaji irin namu ba ya shiga jikin mutum, ko da wasa.

Don cire LPS ɗin, ki zuba sinadarin Triton X-114 kashi 1 cikin 100 a ruwan furotin ɗinki a kan ƙanƙara, ki ɗumama zuwa digiri 37 har ruwan ya yi gajimare ya rabu biyu, ki juya a santirifuj (na'urar da ke juyawa da sauri ta raba ruwa), ki kwashe na sama, don nan furotin ɗinki yake. Maimaita sau uku, sannan ki cire ragowar Triton, don shi ma yana kashe ƙwayoyin halitta. Daga nan ki auna da LAL. Kit ɗin yana da tsada, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya. Kuma lallai ki noma bakteriya mai ɗauke da filasmid (ɗan zoben DNA) wanda babu umarnin haɗa alfa-sinukilin a cikinsa, ki bi da ita duk matakan nan, ki yi wa rukuni ɗaya na ɓerayen allurar ruwanta don ki kwatanta da sauran.

Ki raba furotin ɗin ƙanana-ƙanana kafin ki sa a firiza, kuma ki nemi wadda ke kan sola. Da yadda ake ɗauke mana wuta, narkewa da sake daskarewa kan sa ya fara dunƙulewa tun ba ki shirya ba.